KWANA SHIDA A ƘASAR SAMI: ABIN DA NA GANI DA ABIN DA YA BIYO NI GIDA

Na san da yawanku ci gaban labarinmu kuke jira, to ku yi min afuwa, wannan makon soyayya za ta ɗan huta. Akwai wani bashi da na daɗe ina ɗauke da shi, na labarin wata tafiya da na yi a farkon shekarar 2024. Duk sanda na ɗauki biro zan rubuta sai in ga abin ya wuce labarin yawon buɗe ido, ya koma tarihi. To yau dai ga shi nan, yadda idona ya gani, da kuma abin da na bi na karanta bayan na dawo gida.

Ni dai ban taɓa mafarkin zuwa ƙarshen duniya ba. Ƙanina ne, autanmu, yake karatun digiri na uku a garin Tromso da ke arewacin ƙasar Norwe. Matarsa ta haihu, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, sai ƙuri'a ta faɗo kaina, aka ce ni zan je zaman jego. Na sauka a tsakiyar watan Janairu, na tarar rabon mutanen garin da ganin rana tun ƙarshen Nuwamba. Da hantsi sai ka ga wani haske shuɗi-shuɗi kamar na bayan magariba, kafin ka gama girkin rana duhu ya sake rufewa. Tambayata ta farko ita ce yaya zan yi da salla. Ƙanina ya ce Musulmin garin suna da masallaci, kuma a kwanakin da rana ba ta fitowa, ko waɗanda ba ta faɗuwa, lokutan Makka suke bi. Ranar 21 ga Janairu rana ta leƙo ta saman duwatsu na ɗan lokaci kaɗan, na ga manya da yara suna murna kamar an ga watan salla.

Ranar 6 ga Fabrairu muka fita cefane, sai na ga an kakkafa wata tuta mai launi huɗu, ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa, da zobe a tsakiyarta. Ga mutane sanye da wasu riguna masu ado a wuya da bakin hannu, da takalman fata masu lanƙwasasshen baki. Na ce, "Auta, waɗannan kuma 'yan wasan kwaikwayo ne?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, rufa min asiri kada su ji. Ai waɗannan su ne masu ƙasar. Yau ranarsu ce." Tun daga nan na ƙwallafa rai. Da aka yi arba'in, mai jego ta warware, ya ɗauki hutu ya yi hayar mota, muka yi kwana shida muna zagaya ƙasarsu.

SU WANE NE SAMI?

Sami wata al'umma ce da take zaune a can ƙuryar arewacin Turai tun kafin a shata iyakokin ƙasashen da muke gani a taswira. Ƙasarsu, wadda suke kira Sapmi, an yanka ta gida huɗu tsakanin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha. Ana ƙiyasta yawansu tsakanin mutum 80,000 zuwa 100,000, kuma mafi yawansu a Norwe suke. Harshensu ba ɗaya ba ne, harsuna tara ne da ake magana da su, dangin harshen Finlan, ba su haɗa komai da harshen Norwe ko na Suwidin ba. Wanda ya fi yawan masu magana shi ne na arewa, wasu kuwa tsofaffin da suka rage suna jinsu 'yan ƙalilan ne. A tsofaffin littattafai za ku ga an kira su Lap, to wannan suna ba sa son sa, zagi suke ɗaukarsa.

Abin da aka fi saninsu da shi shi ne kiwon wata dabba da suke kira boazu. Mu ba mu da ita, don haka na raɗa mata barewar ƙanƙara. Ta fi tunkiya girma nesa, ba ta kai saniya ba, kuma mace da namiji duk suna da ƙaho mai rassa. Da hunturu takan tona dusar ƙanƙara da kofato ta ci wani farin gansakuka da ke ƙasa. Amma ku sani, kusan mutum ɗaya ne cikin goma na Sami yake kiwo. Tun asali akwai masunta na bakin teku, akwai manoma, akwai mafarauta, yau kuma akwai likitoci da lauyoyi da malaman jami'a.

Tarihinsu da maƙwabta ya fara ne da ciniki da haraji. Wajen shekarar 890 wani attajirin arewacin Norwe mai suna Ottar ya ziyarci Sarki Alfred na Ingila, ya ba shi labarin cewa yana da barewa 600, kuma babbar dukiyarsa ita ce harajin fatu da gashin tsuntsaye da Sami suke biyansa. Daga baya aka yi zamanin da wasu Sami suke biyan haraji ga sarakuna uku lokaci guda. Da aka shata iyaka tsakanin Norwe da Suwidin a 1751, an haɗa da wata takarda da ta amince makiyaya su ci gaba da tsallaka iyaka da dabbobinsu, rani su gangara bakin teku, hunturu su koma tudu. Ku riƙe wannan, domin rufe irin wannan hanya ce ta taimaka wajen jawo masifar da zan ba ku labari nan gaba.

MUTANEN DA SUKA ɓACE BA TARE DA SUN TAFI BA

Daga Tromso muka kama hanyar Alta, tafiyar kusan wuni guda, teku a hagu, duwatsu a dama. Mun ratsa wani yanki da ake kira Gaivuotna, inda ƙanina ya nuna min allon hanya mai ɗauke da suna da harsuna fiye da ɗaya. Ya ce a shekarun 1990, da aka fara rubuta sunan wurin da harshen Sami, wasu sun riƙa bin dare suna harbin allon da bindiga har rubutun ya goge. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, yawancin mutanen yankin jikokin Sami ne. Me zai sa a tsani harshen kakanni har haka?

Amsar tana gaba kaɗan, a gundumar Kvaenangen. A ƙidayar 1930 an rubuta sama da mutum 800 a wurin a matsayin Sami. A ƙidayar 1950 ba su kai goma ba. Ba annoba ce ta share su ba, ba ƙaura suka yi ba. Suna nan a gidajensu, sun dai daina yarda a kira su Sami ne.

Tun daga wajen 1850 gwamnatin Norwe ta ɗauki manufar mayar da kowa ɗan Norwe a harshe da ɗabi'a. A 1851 aka ware wani asusu na musamman don wannan aiki a makarantu. A 1898 aka fitar da umarnin da ya taƙaita amfani da harshen Sami a aji, sai in ya zama dole. A 1902 aka yi dokar da ta ce a lardin Finnmark ba za a sayar wa mutum filin gwamnati ba sai yana jin harshen Norwe, yana karantawa, yana rubutawa, kuma da shi yake magana yau da kullum. Wannan doka ba a soke ta ba sai 1965. Aka gina makarantun kwana, aka riƙa raba yara da iyayensu. Ku duba fa, in kana son gona sai ka saki harshenka, in kana son ɗanka ya ci gaba sai ka daina yi masa magana da harshen da uwarka ta yi maka. Ga shi kuma a ƙarshen 1944 sojojin Jamus da suke janyewa sun ƙone kusan kowane gida a Finnmark da arewacin Troms, aka kwashe mutane zuwa kudu. Da suka dawo suka sake gini, da yawa sun bar tsohon sunansu da tufafinsu a cikin toka.

A Suwidin salon ya bambanta, amma zafin ɗaya ne. Can a 1913 aka kafa wa 'ya'yan makiyaya makarantu na daban masu ƙarancin karatu, wai kada ilimi ya ɓata su su bar kiwo. A 1922 aka buɗe cibiyar nazarin jinsin ɗan Adam a Uppsala, ƙarƙashin Herman Lundborg, aka riƙa zuwa ana auna kawunan Sami, ana tuɓe su ana ɗaukar hoto, don a nuna wai su ƙasƙantattun halitta ne. Cocin Suwidin ya fito ya nemi gafararsu a 2021.

KAWUNA BIYU DA SUKA YI SHEKARA 143 BA A BINNE BA

Dab da shiga Alta muka tsaya a wani ƙaramin coci a Kafjord, wanda aka gina a 1837, yana kuma cikin 'yan gine-ginen da suka tsira daga wutar 1944. A nan kabarin Aslak Haetta da Mons Somby yake. Ga yadda abin ya faru.

A shekarun 1840 wani limamin coci mai suna Lars Levi Laestadius, wanda yake aiki a Karesuando, ya fara wa'azi mai zafi da harshen da talakawa suke ji. Babban abin da ya sa a gaba shi ne yaƙi da giya, domin a lokacin 'yan kasuwa suna ɗura wa makiyaya barasa bashi, su karɓe barewa a madadin kuɗi. Wa'azin ya bi makiyaya har Kautokeino, wasu suka tuba, wasu kuma suka zarce har suna tsayar da limamin gwamnati a tsakiyar ibada suna ce masa shi ma bai tuba ba. Aka kama da dama aka ɗaure, aka sayar da dabbobinsu don biyan kuɗin shari'a. Ana cikin haka, a 1852, aka rufe iyakar Norwe da Finlan, wadda take ƙarƙashin Rasha a lokacin, makiyaya suka rasa wuraren kiwonsu na hunturu.

Ranar 8 ga Nuwamba 1852 wata ƙungiya ta maza da mata ta shigo Kautokeino. Suka kashe ɗan kasuwa mai sayar da giya, Carl Johan Ruth, da wakilin doka, Lars Johan Bucht, suka ƙone gidan ɗan kasuwar, suka yi wa limamin coci bulala. Waɗanda suka zo suka murƙushe su kuwa 'yan uwansu Sami ne daga wani ƙauye na kusa. Har yau masana tarihi suna jayayya, wasu sun fi ɗora abin a kan zafin addini, wasu a kan talauci da zalunci. Ni dai ba zan wanke kisan kai ba, rai rai ne. Amma ku ji abin da hukuma ta yi.

Ranar 14 ga Oktoba 1854 aka fille kan Aslak Haetta da Mons Somby a Alta. Aka binne gangar jikinsu, kawunan kuwa aka aika jami'a a babban birni don binciken ƙoƙon kan Sami. Daga baya aka gano na Haetta har ya kai Kopenhagen. Danginsu suka yi shekaru suna neman a dawo musu da su, ba a binne kawunan nan ba sai a watan Nuwamba 1997. Na tsaya a wurin, sanyi yana ratsa safa biyu da na saka, ina tunanin yadda a wurinmu ko wuni ɗaya gawa ta yi ba a kai ta ba hankalin kowa ba ya kwanciya.

Wani abu da ya taɓa ni a matsayina na mai rubutu shi ne labarin Lars Haetta, ƙanin Aslak. Yana da shekara 18 lokacin da abin ya faru, daga baya aka yanke masa hukuncin kisa, aka sassauta zuwa ɗauri. A kurkuku ya zauna yana fassara littafin addininsu zuwa harshen Sami tare da wani farfesa mai suna Friis, ya kuma rubuta abin da ya tuna na rayuwar mutanensa. Wato gidan yarin da aka kai shi don a karya shi, nan ne ya zama ɗakin rubutunsa.

KOGIN DA AKA RASA, MAJALISAR DA AKA SAMU

Daga Alta muka hau tudu zuwa Kautokeino, kimanin kilomita 130. Babu dogayen bishiyoyi, babu gari, fari fat iyakar ganinka. A hanya akwai ƙauyen Masi. A wajen 1970 hukuma ta tsara gina babbar madatsar ruwa a kogin Alta don samar da lantarki, wadda da an yi ta yadda aka fara tsarawa da ruwa ya shanye ƙauyen nan ɗungurungum. Mutanen Masi suka ƙi, aka rage girman aikin, amma majalisar ƙasa ta amince da ginin a 1978.

A watan Oktoba 1979 wasu matasan Sami suka kafa tantinsu na gargajiya a ƙofar majalisar ƙasa a Oslo, suka shiga yajin cin abinci. Wasu ɗaruruwa, Sami da 'yan Norwe masu kishin muhalli, suka tare hanyar da motocin aiki za su bi a wani wuri da ake kira Stilla, suka ɗaure kansu da sarƙa. Ranar 14 ga Janairu 1981 gwamnati ta turo 'yan sanda 600 suka yanke sarƙoƙin suka kwashe su. A watan Fabrairu na shekarar wasu matan Sami suka shiga ofishin Firayim Minista Gro Harlem Brundtland suka ƙi fita, sai da aka fitar da su. Kotun Ƙoli ta ba gwamnati gaskiya a 1982, aka gama madatsar a 1987.

In ka tsaya nan sai ka ce sun sha kaye. Amma hoton 'yan sanda suna jan mutane a cikin ƙanƙara ya kunyata ƙasar da take yi wa duniya wa'azin haƙƙin ɗan Adam. A 1987 aka yi dokar Sami, a 1988 aka sa haƙƙinsu a kundin tsarin mulki, ranar 9 ga Oktoba 1989 Sarki Olav na Biyar ya buɗe majalisar Sami a Karasjok. Suwidin ta kafa tata a 1993, Finlan ta sabunta tata a 1996. A 1997 Sarki Harald ya tsaya a gaban majalisar ya nemi afuwa, ya kuma amince cewa ƙasar Norwe a kan ƙasar al'umma biyu aka gina ta. A 2005 aka yi dokar da ta fitar da kusan duk filayen Finnmark daga hannun gwamnatin ƙasa zuwa wata hukuma da Sami suke da rabin kujerunta.

TAMBAYAR DA TA BA NI KUNYA

A kusa da Kautokeino muka ziyarci wasu iyali makiyaya da suke karɓar baƙi. Aka ɗora mu a keken da babur ɗin ƙanƙara yake ja, aka kai mu wajen garke. Sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili, gashin idona har ƙanƙara ya yi. Muka shiga tanti mai tsini da suke kira lavvu, wuta a tsakiya, fatu a shimfiɗe a kan rassan itace. Wata dattijuwa da jikokinta suke kira ahkku, wato kaka, ta zuba mana gahawa baƙi da wani burodi mai faɗi kamar gurasa.

Ni da bakina da ba ya shiru, na tattaro ɗan Turancina na sakandare na tambaye ta barewa nawa suke da su. Tantin ya yi tsit. Ƙanina ya taka min ƙafa ya ce, "Haba Yaya, za ki iya tambayar Bafulatani yawan shanunsa?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijuwar ta yi murmushi, ta ce suna da wasu a wannan gefen dutse, wasu kuma a wancan gefen. Ta nuna min yadda kowane mutum, har jariri, yake da nasa yankan kunne da ake gane dabbarsa da shi. Ta ce abin da yake damunsu yanzu shi ne ruwan sama a tsakiyar hunturu, ya sauka a kan dusar ƙanƙara ya daskare ya zama kamar gilashi, dabba ta kasa tonawa, dole a sayi abinci a buhu a kai musu.

Da hira ta yi daɗi na gaya mata ni marubuciya ce, da harshena nake rubutu, kuma mata a kasuwa da cikin gida suna saye suna karantawa. Ta daɗe tana kallona. Ta ce tana da shekara bakwai aka kai ta makarantar kwana, malamin bai san kalma ɗaya ta harshenta ba, ita ma ba ta san nasa ba, ta yi shekara biyu tana kallon bakinsa yana motsi. Ta ce har ta girma tana iya rubuta wasiƙa da harshen Norwe, amma ba ta iya rubuta wa mahaifiyarta layi ɗaya da harshen da suke hira da shi ba, sai da jikarta ta koya mata. Kafin mu tashi ɗanta ya rera mana irin waƙarsu da ake kira yoik, wadda aka daɗe ana cewa zunubi ce. Ya bayyana mana cewa kowane mutum yana iya samun tasa, kuma in an rera ta kamar an kira mai ita ne ya zo ya zauna, ko da ya rasu. Da muka fito, sama ta cika da wani koren haske yana kaɗawa kamar labule. Shi ne abin da baƙi suke biyan kuɗi su zo gani, amma ni hankalina yana wajen maganar tsohuwar nan.

GANGAR DA TA DAWO GIDA

Zangonmu na ƙarshe Karasjok ne, garin da aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a tarihin Norwe, 51.4 ƙasa da sifili, a 1886. Mun ga ginin majalisar, wanda zaurensa yake da siffar tantin makiyaya. A gidan tarihin garin kuma akwai wata tsohuwar ganga mai zane-zane a fatarta. Mai ita wani tsoho ne, Anders Poulsen, da aka gurfanar a 1692 bisa zargin tsafi. A ƙarnin nan an kashe mutum 91 a Finnmark da sunan maita, mafi yawansu mata. Shi Poulsen ba a kai ga yanke masa hukunci ba wani ya sare shi da gatari yana tsare. Aka aika gangarsa Kopenhagen. Tun 1979 take Karasjok a matsayin aro, wato masu abu suna aron abinsu, sai a 2022 Denmak ta sakar musu ita gaba ɗaya.

Kada ku ɗauka komai ya wuce. A yankin Fosen da ke tsakiyar Norwe an kafa manyan fankoki 151 masu samar da lantarki daga iska a wurin kiwon hunturu. Ranar 11 ga Oktoba 2021 Kotun Ƙoli ta ce izinin da aka bayar ya tauye haƙƙin makiyaya, amma fankokin suka ci gaba da juyawa. A Fabrairu 2023 matasan Sami suka mamaye ƙofofin ma'aikatu a Oslo. Aka sasanta a Disamba 2023 da Maris 2024, fankoki suka tsaya a wurinsu, aka yi wa makiyaya alƙawarin diyya da wani wurin kiwo. Hukumar bin diddigin gaskiya da sulhu ta miƙa rahotonta a watan Yuni 2023, kuma ranar 12 ga Nuwamba 2024, bayan na dawo, majalisar ƙasa ta nemi gafarar Sami da sauran ƙananan al'ummun da aka yi wa irin wannan.

Cikin duk waɗanda suka riƙe wa al'ummar nan wuta, marubuta suna sahun gaba. Johan Turi, makiyayi kuma mafarauci, ya fitar da littafinsa kan rayuwar Sami da harshensu a 1910. Anders Larsen ya fitar da ƙagaggen labari na farko a 1912. Elsa Laula Renberg ta rubuta, ta kuma tara su a babban taronsu na farko a Trondheim ranar 6 ga Fabrairu 1917, wanda shi ne asalin ranar da na gani a Tromso. Nils-Aslak Valkeapaa ya ci babbar kyautar adabi ta ƙasashen arewacin Turai a 1991 da littafin da ya rubuta da harshen da aka so a binne.

LAIFI TUDU NE

A jirgin dawowa na yi ta jin haushin Turawa, har na tuna makarantarmu ta sakandare, inda ake rubuta sunan duk wadda ta yi Hausa a aji, wai ta yi banakula, a ci ta tara ko a sa ta noma. Na ce ashe mu ma an taɓa mu. Sai kuma wani tunani ya zo ya tsaya min a wuya. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, da ƙyar take haɗa Hausa. Mu jikokinta dariya muke mata muna kwaikwayon maganarta, har ta daina yi mana Fulatanci. Yau ko kalma goma ban sani ba. Babu dokar 1902 a gidanmu, babu ɗan sanda, dariya kawai ta isa. Kuma duk wanda ya zauna a Bauci ko Filato ko Gwambe ya san gidajen da kaka take magana da wani harshe, uwa tana ji ba ta mayarwa, jika kuwa sai Hausa. Ashe a wani wurin mu ne Sami, a wani wurin kuma harshenmu ne yake haɗiye na wasu. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba ina cewa mu ji kunyar yaɗuwar Hausa ba ne, da ita nake ci nake sha. Abin da nake roƙo shi ne mu daina yi wa mai wani harshe dariya, mu kuma daina jin daɗi in 'ya'yanmu sun ce ba su iya karanta Hausa ba. Ni dai tun da na dawo, duk ranar Juma'a nakan je gidan wata ƙanwar kakata da ta rage, in ce, "Inna, yau me za ki koya min?" Ranar farko kuka ta yi, ta ce sai yanzu da haƙoranta suka zube. Ina da littafi guda da nake rubuta kalmomin, 'yata ƙarama ce take riƙe min biro.

Wanda Allah ya nufa da zuwa can, shawarata ita ce ya nemi masu ƙasar su zagaya da shi da kansu, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton mutum, kada ya sa rigarsu don wasa, kuma don Allah kada ya tambayi yawan barewa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.